Kwamfutocin gida sun ƙi ganin juna: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

A garuruwa irin su Ringim, Gwarzo da Ɗambatta, da ƙauyukan da ke kewaye da su, da wuya ka samu gidan da ya sayi kwamfutocinsa rana guda. Ta tebur da ke zaure, wadda ake buga wa mutane takardu da ita, tana kan Windows 7. Laftof ɗin maigida ta gwanjo ce daga Beirut Road a Kano, Windows 10 ke cikinta. Yaron gidan da ke karatu a Dutse ya zo hutu da sabuwa mai Windows 11. Wani gidan ma akwai mai Windows XP a lungu, don tsohuwar firinta ba ta aiki da kowa sai ita. Ana so su riƙa miƙa wa juna fayil, su yi tarayya a firinta ɗaya, amma wannan ta ƙi ganin waccan.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne gaggawar goge kwamfuta. A biya kuɗin mota a kai ta birni, mai gyara ya ɗan latsa nan da can ya ce, "Alhaji, ai wannan sai fomatin." Takardun shekaru su salwanta, hotunan biki su tafi, a dawo gida a tarar matsalar tana nan daram, domin tun farko babu abin da ya lalace. Mafi yawan lokaci saiti ne bai zo ɗaya ba, kuma ana iya gyara shi a zaune a zaure.

A fara da tambayar da ake yawan tsallakewa: duka kwamfutocin a kan netwok ɗaya suke? Sau tari ta zaure tana jone da MiFi, ta yaro kuma tana kan hotspot ɗin wayarsa don datarsa ta fi sauri. Kowacce tana shiga intanet lafiya lau, shi ya sa ba a zargin komai, alhali babu hanyar da ta haɗa su. Buɗe Command Prompt a kowace kwamfuta ka rubuta ipconfig, ka duba layin IPv4. Idan ɗaya ta nuna 192.168.8.101, ya kamata ɗayar ta nuna irin 192.168.8.102, wato rukunin lambobi ukun farko iri ɗaya, na ƙarshe kawai ya bambanta. In ka ga lambar ta fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu adireshi daga rawuta (na'urar da ke raba netwok, kamar MiFi) ba, ita ta ƙirƙiro wa kanta. Nan sai a duba kebul, ko ɓera ya ci, ko ƙurar hunturu ta cika ramin da ake soka shi, sannan a kashe rawuta a kunna. Wasu rawutocin kuma suna da saitin da ke hana na'urorin da ke kan Wi-Fi magana da juna, musamman a netwok ɗin baƙi. Sunansa AP isolation ko client isolation, a kashe shi.

Tsohuwar laftof da ta ƙi ganin sunan Wi-Fi kwata-kwata, galibi 2.4GHz kaɗai take iya kamawa, rawutar kuma an bar ta a kan 5GHz, ko an sa mata tsaron WPA3 wanda tsofaffin injuna ba su sani ba. A kunna 2.4GHz, a zaɓi WPA2. Dama 2.4GHz ne ya fi ratsa katangar ƙasa mai kauri.

Sai batun Public da Private. Duk lokacin da Windows ta shiga sabon netwok takan ba shi matsayi. In ta ɗauke shi Public, sai ta ɓoye kanta kamar tana cikin taron baƙi, ta rufe hanyar raba fayil. Windows 11 da Public take farawa in ba ka canza ba. Shiga Settings, sashen Network & internet, ka mayar da netwok ɗin gida Private. A Windows 7 kuwa Home ko Work za ka zaɓa. Daga nan ka kunna network discovery da file and printer sharing a kowace kwamfuta, ba a guda ɗaya kawai ba. Wannan kaɗai yana warware matsalar gidaje da yawa. Kada kuma a kashe firewall, wato katangar tsaron Windows, ɗungurungum wai don a samu hanya. Kunna waɗancan saituka biyu yana buɗe iyakar ƙofar da ake bukata, sauran su zauna a rufe.

Masu tsohon ilmi kan ɓata yini suna neman HomeGroup, tsohon tsarin Windows na raba fayil da firinta a gida. Da Windows 7 ya zo, kuma Microsoft ta cire shi daga Windows 10 tun sigar 1803 ta shekarar 2018. Ko ka ƙirƙire shi a ta zaure, sababbin ba za su shiga ba, don haka a rabu da shi. Abin dubawa shi ne suna. Masu gyara kan zuba wa kwamfutoci da yawa Windows daga kwafi ɗaya, har biyu su zo da suna ɗaya, wanda ke rikita netwok. Ba kowacce nata: ZAURE, BABA, DAKI. Sunan workgroup, wato rukunin da kwamfutocin ke ciki a netwok, shi ma ya zama ɗaya, domin XP Home da MSHOME take zuwa, sauran kuma WORKGROUP.

Ko bayan an yi duk wannan, jerin da ke fitowa in ka danna Network ba abin dogaro ba ne tsakanin tsohuwar Windows da sabuwa. Rashin ganin kwamfuta a can ba ya nufin ba a iya shigarta. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta \\ZAURE ko \\192.168.8.102, ka danna Enter. Sai dai inda ake yawan ɗauke wuta, ko batirin sola ya sauka cikin dare, duk tashin da rawuta ta yi tana iya sake rabon adireshi. Jiya ta zaure ce 102, yau ta koma 104, sai ka ji yaro yana cewa, "Baba, firintar ta sake ɓacewa." Shiga shafin rawuta ka keɓe wa kwamfutar da ke riƙe da fayiloli da firinta adireshi na dindindin, magana ta ƙare.

Kalmar sirri ma tana kayar da mutane. A gidajenmu ba a cika sa wa kwamfuta ita ba, ana ganin ai duk 'yan gida ne. To Windows, bisa saitinta na asali, ba ta barin a shiga asusun da ba shi da kalmar sirri ta hanyar netwok. Mafita mai tsafta ita ce a buɗe asusu guda a kwamfutar da ke rabon, a kira shi misali gida, a sa masa kalmar sirri, sauran su riƙa shiga da shi. Wanda ke amfani da asusun Microsoft ya sani cewa PIN ɗin da yake buɗe laftof da shi ba ya aiki a nan, imel da ainihin kalmar sirrin ake so. In an taɓa shigar da ta kuskure kwamfuta ta riƙe, a goge ta a Credential Manager. Folda kuma izini biyu gare ta, ɗaya a Sharing ɗaya a Security. Ka bayar a na farko ka manta na biyu, za a ga foldar amma a hana buɗe ta. Sigar 24H2 ta Windows 11 ta ƙara tsanantawa wajen shiga a matsayin baƙo marar kalmar sirri, shi ya sa wasu suka ga abin da ke aiki a da ya tsaya bayan sabuntawa.

Yanzu ga inda nake so a natsu. Hanyar da Windows ke bi wajen raba fayil sunanta SMB. XP sigar farko kawai ta iya, SMB1. Daga Vista aka samu SMB2, don haka Windows 7 tana magana da 10 da 11 ba tare da SMB1 ba. Microsoft ta fara janye SMB1 daga Windows 10 tun sigar 1709 a 2017, kuma da dalili. A watan Mayun shekarar, cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta raunin da ke cikin SMB1 ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Duk da haka shawarar farko da za ka ci karo da ita a intanet ita ce "kunna SMB1". Na ga masu kunna shi a gidan da babu XP ko ɗaya, matsalarsu ta Public da Private ce kawai, sun buɗe wa kansu ɓaraka a banza.

In XP ce da gaske a gidan, ra'ayina a zare mata kebul. An daina ba ta gyaran tsaro tun 8 ga Afrilun 2014. Ta ci gaba da aikinta da firintarta ita kaɗai, a riƙa kai mata takardu a filash, a kuma binciki filash ɗin a sabuwar kwamfuta kafin a buɗe, saboda cutar nan mai mayar da folda shortcut ta nan take yawo. Windows 7 ma tallafinta ya ƙare a 14 ga Janairun 2020, na Windows 10 kuma a 14 ga Oktoban 2025. Ma'ana, muhimman takardu kamar na gona, na makaranta da lissafin shago su zauna a kwamfutar da ta fi sabunta, kuma kada a shiga asusun banki da tsofaffin.

Firinta tana da nata rigimar. Direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firinta, wanda ke kan Windows 7 mai 32-bit ba zai yi wa laftof mai 64-bit aiki ba, kuma Windows 11 duk 64-bit ce. A sauko da direban da ya dace daga shafin kamfanin firintar, a sa shi a sabuwar kwamfuta tukuna, sannan a nemi firintar ta netwok. Saƙon kuskure 0x0000011b ya yawaita ne bayan gyaran tsaron da Microsoft ta fitar a 2021, kuma yakan fito idan ɗaya kwamfutar ta samu gyaran ɗayar ba ta samu ba. Idan firintar tana da ramin kebul na netwok ko Wi-Fi, a jona ta da rawuta kai tsaye, kowace kwamfuta ta same ta ta adireshinta, ba sai ta zaure tana kunne ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake ɗora wa netwok laifinsu. Tsohuwar kwamfuta da ke komawa wata shekara can baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, ɗan batirin cikinta ne ya mutu, mai lamba CR2032 a yawancin na tebur. Da kwanan wata ya kauce, shafukan intanet sai su fara ƙin buɗewa suna gargaɗin tsaro. Canza batirin, gyara agogo. Na biyu, da zarar an jona sababbin kwamfutoci a MiFi, sukan shiga sauko da sabuntawa a ɓoye, datar wata ta ƙare cikin kwana kaɗan, komai ya yi nauyi. A sa netwok ɗin a matsayin metered connection, wato mai data ƙayyadajjiya, sannan a ware lokacin da data ke da rahusa ko aka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi, a sabunta su da hannu ɗaya bayan ɗaya.