Darasi na Bakwai: Ƙwan Fitila, Zaɓin Mai Gida ne ko na Hukuma?

A wannan darasi za mu koyi karanta rubutun da ke jikin kwalin ƙwan fitila, mu yi lissafin wutar da yake ci, sannan mu ji abin da ya sa wasu ƙasashe suka hana sayar da tsohon ƙwai, da abin da masu ja da dokar suka ce.

Ƙwai iri uku

Na farko shi ne tsohon ƙwai mai siririn zaren ƙarfe a ciki. Wuta ce ke gasa zaren ya yi jawur har ya ba da haske. Shi ya sa ba ya taɓuwa idan ya jima a kunne. Cikin kashi goma na wutar da yake ci, kusan tara zafi suke zama, ɗaya kacal ke zama haske. Yakan yi kamar awa 1,000 kafin zaren ya tsinke.

Na biyu shi ne mai murɗaɗɗen farin gilashi. Cinsa bai kai na farko ba, amma akwai 'yar zaiba a cikinsa, kuma zaiba guba ce. In ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe taga, a kwashe gilashin da takarda mai kauri, kada a sa hannu.

Na uku shi ne LED. Shi ne mafi ƙarancin ci, kuma mai kyansa yakan kai awa 15,000 ko fiye.

Karanta kwali

Malami ya zo aji da kwali biyu ko uku, kowa ya riƙe ya duba. Ku nemi harafin W. Shi ne wat, wato yawan wutar da ƙwan ke ci. Da yawanmu mun tashi da cewa wat shi ne haske, mu ce wa mai shago "ba ni mai ɗari, ya fi haske". Wat ci ne kawai. Ma'aunin haske sunansa lumen, ana rubuta shi da haruffa biyu, lm. Tsohon ƙwai mai 60W yana ba da kusan lumen 800. LED mai 9W ma kusan 800 ɗin yake bayarwa. Haske ɗaya, ci daban.

Akwai kuma lamba mai harafin K. In kun ga 2700K ko 3000K, hasken mai ɗan ja-ja ne irin na tsohon ƙwai. In kun ga 6500K, fari ne fes. Tela da mai karatun dare sukan fi son fari, ɗakin kwana kuwa ya fi daɗi da mai ja-ja.

Lissafi

Wannan shi ne ƙashin bayan darasin, kada a yi sauri a kansa. Wat 1,000 da aka ci na tsawon awa ɗaya shi ne yunit ɗaya, wanda mita mai kati ke cirewa.

Ƙwai mai 60W, a kunne awa 5 kullum: 60 × 5 = 300. A kwana 30: 300 × 30 = 9,000. A raba da 1,000, ya ba da yunit 9.

LED mai 9W, shi ma awa 5: 9 × 5 = 45. A kwana 30: 45 × 30 = 1,350, wato yunit 1.35.

Mu ƙaddara kuɗin yunit ɗaya naira 200 ne. (Misali ne wannan, kowa ya duba rasit ɗinsa ya ga ainihin farashin unguwarsu.) Tsohon ƙwai ya ci naira 1,800 a wata, LED ya ci naira 270. Rarar naira 1,530 ke nan a ƙwai guda. Gida mai ƙwai shida, ɗakuna da zaure da tsakar gida da banɗaki, rararsa naira 9,180 a wata. Mai janareta da mai sola su ma lissafin ya shafe su, don batirin da zai riƙe tsohon ƙwai ɗaya zai riƙe LED shida.

Ƙasashen da suka kafa doka

Tarayyar Turai ta fara janye tsohon ƙwai daga kasuwa ranar 1 ga Satumba 2009. Ta fara da mai 100W, tana saukowa shekara-shekara, har ta kai ga mai 40W da 25W a 2012. Ba a shiga gidan kowa an cire masa ƙwai ba, masu ƙerawa da masu shigo da kaya aka ɗaure wa hannu. Duk da haka mutane da yawa a Jamus sun yi ta saye suna jibgewa a gida kafin ya ɓace.

A Amurka aka fi kai ruwa rana. Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar makamashi a 2007, wadda ta ce daga 2012 dole ƙwai ya rage ci. A 2011 wasu 'yan majalisar wakilai suka nemi soke wannan sashe, ba su samu ƙuri'un da ake buƙata ba. Gwamnatin Trump ta dakatar da tsaurara dokar a 2019, ta Biden ta dawo da ita, kuma daga Agusta 2023 aka hana sayar da ƙwan gida da bai ba da lumen 45 a kowane wat ba. Tsohon ƙwai kuwa abin da yake bayarwa bai wuce 13 zuwa 17 ba.

Masu adawa suna da maganarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ni na sayi ƙwan, ni nake biyan wutar, ina ruwan hukuma da abin da na rataya a ɗakina? Suka ce in sabon ƙwan ya fi kyau da gaske, mutane za su koma masa da kansu ba sai an tilasta ba. Suka kuma kawo batun zaiba, da tsadar sabon ƙwan a wancan lokaci.

Karatu: a shagon kayan wuta

"Sannu da aiki, yarona. Ba ni ƙwai mai ɗari guda huɗu, irin na da."

"Baba, ai wannan ya sha wuta. Ga LED, ya fi haske, ba ya ci."

"Ba haske nake nema ba, ɗana. 'Yan tsaki na saro, sanyin hunturun nan zai kashe min su. Zafin nake so."

"To Baba, kin fi ni gaskiya. Bari in duba ciki."

A nan dattijuwar ce da gaskiya. Zafin da yake asara a ɗakin kwana shi ne abin nema a akurkin 'yan tsaki. Dokar Turai da ta Amurka duk sun ware ƙwayaye na aiki na musamman, kamar na cikin tanda da na ɗumama dabbobi. Duk dokar da ta manta da irin wannan mai kiwo, ba a yi ta da sanin yadda mutane ke rayuwa ba.

Darasin Ghana

A ganina, maganar "ɗakina ne" tana da iyaka, domin wayar da ta shigo ɗakinka daga tiransifomar unguwa ta taso. Da magariba kowa ya kunna, nauyi ya yi yawa, wuta ta yi rauni ko fis ya ƙone, har wanda ya yi tattali ya kwana a duhu. Saboda haka hukuma na da ta cewa. Sai dai yadda za ta faɗa shi ne abin dubawa, kuma a nan Ghana ta yi abin koyi.

A 2007 ruwan madatsar Akosombo, wadda ke ba Ghana wutar lantarki, ya ja baya ƙwarai, aka shiga rabon wuta. Gwamnati ta sayo ƙwai mai murɗaɗɗen gilashi miliyan 6 ta raba kyauta, ana karɓar tsoho ana ba da sabo. Nauyin da ke kan layi a lokacin da aka fi shan wuta ya ragu da megawat 124, wato wat miliyan 124. Sai a 2008 aka yi dokar hana shigo da tsohon ƙwai. An fara ba mutum abin da zai maye gurbi, ya gani da idonsa, sannan aka hana. Talakan da kuɗin hannunsa na ƙwai mai araha ne kawai, ba a bar shi a duhu ba.

Akwai abu biyu kuma da ke wuyan hukuma. Na ɗaya, jabun kaya. LED da aka rubuta wa 15W alhali bai kai rabi ba, ko wanda ke mutuwa cikin mako uku, shi ke sa mutum ya rantse ba zai ƙara saye ba. A Nijeriya tsare ingancin kaya aikin hukumar SON ne. Na biyu, mita. Gidan da ake kawo wa takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, ko ya canja ƙwayayensa duka, abin da za a rubuto masa ba zai sauya ba. Da wane baki za a ce masa ya yi tattali?

Aikin aji

A kasu gida biyu. Ɓangare ɗaya ya kare mai cewa a bar kowa ya zaɓa, ɗayan ya kare doka. Kowane ɓangare ya kawo hujja daga unguwarsa. Bayan haka kowa ya rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinsa: wat, lumen, yunit, zaiba, doka.

Aikin gida

1. Ku ƙirga ƙwayayen gidanku, ku rubuta wat ɗin kowanne. A kashe fitila, a bari ta huce kafin a taɓa.
2. Ƙwai mai 100W yana kunne a ƙofar gida awa 10 kowane dare. Yunit nawa ya ci a kwana 30?
3. Wani ƙwai ya ba da lumen 800 da 9W. Ku raba 800 da 9. Ya cika sharaɗin lumen 45 ko bai cika ba?
4. Ku tambayi mai shagon unguwarku ko yana canja LED idan ya mutu da wuri, da kuma kwana nawa yake bayarwa. Ku zo da amsar mako mai zuwa.