Yadda zaka rabu da supari, ka kuma rage goro ba tare da cikinka ya ɓaci ba

Wani maƙwabcin shagona a Kantin Kwari ya dawo daga Indiya da tsarabar wasu ƴan ƙananan ledoji masu ƙamshi, wai goron can ne, supari suke ce masa. Sati biyu muna tauna muna tofar da yawu, ni dai cikina sai ƙugi da kumburi, bayan gida ma ya rikice.

To abu na farko ka sani, wannan abun ba ɗan uwan goronmu na Mariri bane ko kaɗan. Ɗan wata bishiya ce mai kama da kwakwa, a Indiya da Pakistan da Taiwan ake cinsa, wasu su naɗe shi a ganye da farar ƙasa har da taba. Akwai sinadarin arekolin a ciki, shi ke sa jiki ya ɗau zafi yawu ya dinga zuba, hanji ma ya dinga motsi fiye da ƙima. Tun 2003 hukumar binciken ciwon kansa (daji) ta Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon ko ba a haɗa da taba ba. Kuma yana sauya yanayin ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a baki, su kuwa da yawu ake haɗiye su su gangara hanji, inda masu amfani suke taya mu narkar da abinci. Don haka shi wannan babu maganar ragewa, zubar dashi kawai. In kaga bakinka ya fara ƙin buɗuwa sosai, ko yaji yana ƙona ka ba kamar da ba, ko wani farin tabo a kumatu ta ciki da ya wuce sati biyu, dan Allah kar ka tsaya jiƙe-jiƙe, tafi sashen haƙori a asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala a duba ka.

Goro kuwa lallaɓa shi ake yi. Sinadarin kafin (caffeine) ne a cikinsa irin na kofi, in ka yanke lokaci ɗaya ciwon kai da kasala zasu kama ka na ƴan kwanaki. Mai cin huɗu a rana ya koma uku na sati guda, sannan biyu, kuma ka dinga ɓantara ɓari ɗaya ka mayar da sauran aljihu. Kar ka karya kumallo dashi, wallahi nan ne yawancinmu muke cutar kanmu, ciki ba komai sai goro ya ƙara masa ruwan tsami, mai olsa kuma ya kwana yana juyi. Bayan la'asar ma a haƙura saboda barci. Mai ciki ko mai ƙarancin jini kar ta ci shi dab da abinci, ɗacin nan nasa yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ayon (iron) mai ƙara jini.

Sai gyaran hanjin, wannan ba sai ka kashe kuɗi ba. Kindirmo mai tsafta da fura, wake, kwaɗon zogale, rama, kuɓewa, ruwa da yawa. Bakin da ya saba tauna kuma ka bashi aya ko asuwaki, ni aya ce ta cece ni, mudu rabi na ajiye a ƙasan kanta yaran shago suna ta sace min.