Rijiyar garka ba ta sha ba ce sai an auna

Assalamu alaikum 'yan uwa manoman albasa na Galmi, Madawa da kwarin Maggiya. Ina roƙonmu mu daina shan ruwan rijiyar garka don kawai mun gan shi garau. Ruwa yakan yi fari tas, ba wari, amma cike da ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani.

Bara ƙaramar 'yata ta kwana uku tana zawo. Da na duba da kyau, tsibin takin shanu na taku goma da bakin rijiya, guga kuma kullum a yashe cikin taɓo, yara su ɗauka su zura. Damina na sauka, ruwa ya wanke takin ya tsiyaye ƙasa, rijiyoyinmu na fadama kuwa ba su da zurfi.

A nisanta salga da turken dabbobi aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma kada su kasance ta wajen tudu. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi marfi, a rataye guga a kan itace.

Bayan damina, ko in ambaliya ta shiga, a nemi ma'aikatan ruwa su auna. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: kada a sami E. coli (ƙwayar cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa) ko ɗaya cikin mililita 100 na ruwan sha. Takin zamani ma na ƙara sinadarin nitirat a ruwa, wanda ke cutar jarirai, tafasawa kuma ba ta fitar da shi.

Kafin sakamako ya fito, a tafasa na sha, ko a sa Aquatabs, ƙwayar maganin tsabtace ruwa, yadda aka rubuta a takardarsa, a jira minti 30 kafin a buɗe bidon.