Darasi na Tara: Sanya wa Tsohuwar Laftop Sabuwar Ma'ajiya ta SSD

Akwai kukan da ake yawan ji daga masu tsohuwar kwamfuta laftop, musamman waɗanda suka sayi ta hannu, wato cewa idan aka danna madannin kunnawa sai mutum ya tashi ya yi alwala ya dawo kafin ta gama farkawa, idan kuma aka buɗe takarda ɗaya sai ta cije, ba gaba ba baya. Da yawa sukan yanke hukunci cewa kwamfutar ta gama yayi, su fara tara kuɗin wata. A mafi yawan lokuta ba haka abin yake ba, domin nawar tana fitowa ne daga sashe guda, wato ma'ajiyar da ake adana bayanai a cikinta, kuma wannan sashe ana iya cire shi a sa wani da sukundireba ɗaya da natsuwa.

Tsohuwar ma'ajiya, wadda masu gyara suke kira HDD, tana ɗauke da faifai na ƙarfe ko na gilashi wanda a yawancin laftop yake juyawa sau 5400 a minti ɗaya, da wani siririn hannu da yake kai da komo a samansa yana neman inda aka rubuta abin da ake buƙata. Duk wanda ya kara kunnensa a jikin kwamfutar lokacin da take aiki zai ji wani ɗan gunji da ƙas-ƙas a hankali, to wannan shi ne motsin faifan da hannun. Kafin Windows ta tashi sai an ɗauko dubban ƙananan fayiloli da suke warwatse a faifan, kuma kowane ɗaya sai hannun ya je wurinsa ya jira faifan ya juyo da shi. A nan lokaci yake tafiya.

Ita kuwa SSD babu abin da yake motsi a cikinta. Ana adana bayanai ne a ƙwayoyin lantarki dangin waɗanda suke cikin wayar hannu da filash. Mai kyau daga cikin masu mahaɗin SATA, wato bakin da ake jona ta da kwamfuta ta cikinsa, tana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa ɗaya, alhali tsohuwar ma'ajiyar laftop da ƙyar take wuce 100, amma babban bambancin da mai aiki zai gani da idonsa yana wajen nemo ƙananan fayiloli, inda sabuwar take riga tsohuwar nesa ba kusa ba. Ga wanda yake goya kwamfutarsa a jaka ya hau babur ko adaidaita sahu a hanya mai ramuka akwai ƙarin amfani, tun da girgiza da buguwa su ne manyan abokan gabar faifai mai juyawa.

Kafin a kashe ko sisi, ya kamata a tabbatar cewa ciwon a nan yake. A danna Ctrl da Shift da Esc a tare, a shiga sashen da yake nuna aikin sassan kwamfuta, a duba layin Disk. Idan ya tsaya a kashi 100 cikin 100 na tsawon lokaci alhali sauran sassan suna hutawa, an gano mai laifi. Idan kuwa fanka ce ta toshe da ƙura har kwamfutar take zafi tana mutuwa, ko batir ne ya lalace, ko intanet ce ba ta da ƙarfi, sabuwar ma'ajiya ba za ta magance ko ɗaya daga cikinsu ba. Haka kuma kwamfutar da ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ake kan yi, bai wuce gigabait 2 ba tana buƙatar a ƙara mata shi ma, in dai tana karɓa.

Sanin irin wadda za a saya

A wannan mataki ne aka fi yin asarar kuɗi, saboda haka a yi haƙuri a bi shi daki-daki. Yawancin laftop da aka ƙera daga wajejen 2006 zuwa shekaru goma bayan nan suna amfani da ma'ajiya mai inci 2.5 da mahaɗin SATA, kuma SSD mai wannan siffa tana zama daidai a gurbin tsohuwar. Mahaɗin yana da zubi uku. Na biyu, wanda ya fito a 2004, yana tsayawa ne ƙasa da megabait 300 a daƙiƙa, na uku kuma, wanda ya fito a 2009, ya ninka shi. Sabuwar SSD tana aiki a kan kowannensu, sai dai za ta bi gudun da kwamfutar take iyawa, kuma ko a hakan canjin yana da yawa. Kwamfutar da ta girmi wannan zamani takan zo da mahaɗin IDE mai allurai 44, wanda SSD ta yau ba ta shiga cikinsa, kuma a ganina kuɗin da za a kashe a kanta bai cancanta ba.

Laftop marasa kauri na baya-bayan nan sukan yi amfani da M.2, wani siririn kati mai kama da guntun rula, shi ma iri biyu ne, akwai mai tafiya a kan SATA akwai mai tafiya a kan wani tsari da ake kira NVMe, kuma ba kowane gurbi ne yake karɓar duka biyun ba. Akwai kuma ƙananan laftop masu araha da aka liƙe ma'ajiyarsu a jikin babban allon ciki, waɗanda ba su canzuwa sam. Hanya mafi aminci ita ce a kife kwamfutar a karanta lambar samfurinta, a nemi littafin kamfanin da ya ƙera ta, ko kuma a buɗe murfin a gani da ido kafin a tafi kasuwa.

Game da girma, gigabait 240 ko 256 sun ishi mai rubuce-rubuce da lissafin shago, mai tara hotuna da bidiyo kuwa ya nemi 500 ko fiye. Mai gigabait 120 tana saurin cika, domin Windows kaɗai tana cin kaso mai tsoka. Shawarata ita ce a sayi sabuwa a cikin kwalinta, ta kamfanin da aka sani kamar Samsung ko Kingston, a karɓi rasit, domin akwai jabu da ake rubuta musu girman da ba su da shi. Idan dole ta sa aka sayi ta hannu, a sa mai sayarwa ya buɗe manhajar CrystalDiskInfo a gaban mai saye, wadda take nuna yawan awannin da ma'ajiyar ta yi tana aiki da kuma lafiyar da ta rage mata.

Bayanai kafin sukundireba

Kada a taɓa ko sukuru ɗaya sai an kwafe duk abin da ba a son rasawa, kamar takardun makaranta da hotunan iyali da lissafin bashi, zuwa filash ko wata ma'ajiya ta waje, sannan a buɗe wasu daga cikinsu a can a tabbatar sun kwafu.

Bayan haka akwai hanya biyu. Ta farko ita ce a kwafi tsohuwar ma'ajiyar ɗungurungum zuwa sabuwar, ta hanyar haɗa sabuwar da kwamfuta da wayar USB mai kan SATA, a yi amfani da manhaja irin su Clonezilla, wadda kyauta ce. Sharaɗin shi ne kayan da suke cikin tsohuwar kada su fi ƙarfin sabuwar, kuma idan sabuwar ba ta kai tsohuwar girma ba, Clonezilla ba ta kwafewa sai an fara rage girman ɓangaren da za a kwafa, kuma aikin yana iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye, don haka wanda batirinsa ba ya riƙe caji kada ya fara sai yana da tabbacin wuta, domin idan aka ɗauke ta a tsakiya sai an koma farko. Ta biyu ita ce a ɗora sabuwar Windows daga filash mai gigabait 8 ko fiye. Ni na fi karkata ga ta biyu, saboda kwamfutar da ta yi shekaru tana aiki ta tara tarkace da manhajojin da aka manta da su, kuma kwafe su zuwa sabuwar ma'ajiya kamar tarewa ne a sabon gida da sharar tsohon. Wanda yake da wata manhajar aiki da ba zai iya sake samu ba, shi ne ya fi dacewa da ta farko.

Aikin hannu

A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a zare caja, a cire batir idan mai fita ne, sannan a danne madannin kunnawa na kimanin daƙiƙa 15 domin ragowar wutar ta fita. A taɓa wani ƙarfe, kamar ƙofa ko taga, kafin a kai hannu ciki. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, sa'ad da iska take bushewa har mutum yakan ji ɗan tartsatsi idan ya cire rigar sanyi, domin wannan ɗan tartsatsin yana iya kashe ƙwayar lantarki.

A shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kan tebur, a kife kwamfutar, a ajiye faranti a gefe domin sukurori, kuma a ɗauki hoto da waya a kowane mataki, tun da tsawon sukurorin ba ɗaya ba ne, kuma dogo a gurbin gajere yana iya huda abin da yake ƙarƙashinsa. Wasu laftop suna da ƙaramin murfi na ma'ajiya kaɗai, wasu kuwa sai an cire bayan duka, a bi gefe-gefe da tsohon katin roba a hankali har maƙalan su saki. Idan batir na ciki ne, a fara zare wayarsa. Tsohuwar ma'ajiyar takan zauna cikin wani ɗan firam da sukurori huɗu suke riƙe da shi a gefe. A zame ta baya ta rabu da mahaɗin, a kwance firam ɗin, a ɗaura shi a sabuwar a daidai yadda yake. Bakin SATA fuska ɗaya kawai yake shiga, saboda haka idan ya ƙi, a juya a duba, kada a yi masa ƙarfi. SSD tana da kaurin milimita 7, tsofaffin ma'ajiyoyi da yawa kuwa 9.5 ne, don haka idan ta yi sako-sako a gurbin, a sa mata ɗan matashin roba ya riƙe ta.

Idan an rufe an kunna, a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa da danna wani madanni tun kafin Windows ta tashi, a ga ko kwamfutar ta gane baƙuwar. A Dell madannin F2 ne, a HP F10, a ThinkPad F1. A nan cikin BIOS a duba cewa tsarin SATA yana kan zaɓin da aka rubuta AHCI kafin a ɗora Windows. Kwamfutar da ta zo da Windows 8 ko abin da ya biyo baya takan riƙe lasisinta a jikinta, ba sai an sayi wani ba. Sai dai a sani cewa Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 tana neman wata ƙwayar tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma irin injin sarrafa bayanai (processor) da tsofaffin laftop da yawa ba su da shi. Mai irin wannan kwamfuta yana iya ɗora Linux Mint a madadin Windows, wadda kyauta ce kuma tana tafiya sosai a kan tsofaffin na'urori.

Kula da SSD ba shi da wahala. Ba a yi mata aikin tattara fayiloli da ake yi wa faifai mai juyawa, kuma tun daga Windows 7 tsarin yana gane SSD ya yi mata abin da ya dace da kansa. A bar mata sarari, kada a cika ta maƙil, domin gudunta yana raguwa idan ta cika. Abu ɗaya da ya kamata a riƙe shi ne, tsohuwar ma'ajiya takan yi ƙara ta ba da alama kafin ta mutu, ita kuwa wannan tana iya tsayawa shiru ba sallama, saboda haka kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri bai ƙare ba.

Tsohuwar da aka cire kada a goge ta nan take. A nannaɗe ta a ajiye a wuri marar danshi na wata guda, har a tabbatar babu abin da aka manta a cikinta, sannan a saya mata ɗan akwati mai wayar USB, ta koma wurin ajiye kwafin takardu.