Yadda za ka fitar da tsohuwar Land Rover daga yashi

1. Da ka ji ta kafe, ɗaga ƙafa daga totur. Ƙara wuta rami kawai yake haƙa maka.

2. Sauka ka kwashe yashin gaban tayoyin da shebur, ka rage musu iska kaɗan.

3. Mota na tsaye, taka kuloci, ka ja sandar da ke kusa da sandar giya, wadda kanta ja ne, zuwa baya. Ita ce giyar ƙarfi, tayoyi huɗu za su ja tare.

4. Sa giya ta biyu, ta ɗaya tana saurin sa taya sulɓewa. Saki kuloci a hankali, sitiyari a miƙe.

5. Kafin ka hau kwalta, tsaya ka mayar da sandar gaba, ka ƙara iska.