Yadda zaka rage fargabar gobe kafin ta hanaka barci

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu yace tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce dubu, to tun lokacin magidanta da yawa ƙarfe biyun dare idonsu biyu suna lissafin haya da kuɗin makarantar yara. Nima ina ciki wallahi, har uwargida ta fara tambayata "Malam wai ko wani abu kake ɓoye min ne?"

Abinda ya fara taimakona biro da takarda ne kawai. Ka daina lissafi a ka, saboda a ka abin bashi da iyaka, ka fara da haya sai ka tsinci kanka kana tunanin kayan ɗakin 'yarka wadda yanzu take firamare. Ja layi a tsakiyar takarda, gefe ɗaya abinda ke hannunka, ɗaya gefen wanda baya hannunka. Farashin dala da zaɓen 2027 duk ka tura su can, ba naka bane. Haya kuwa taka ce, rubuta nawa ne da watan da za'a biya, ka raba a kan watannin da suka rage. Zaka ga lambar da ta fito tana da nauyi amma bata kai dodon da kake gani da daddare ba.

Sai abinci, don rabin tsoron magidanci a tukunya yake. Lokacin kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, yawanci masara da gero sun fi sauƙi, ko a Dawanau ko kasuwar ƙauyen da ke kusa da ku, in baka da kuɗin buhu ku haɗa da maƙwabci ku raba. Ka tabbatar ta bushe sosai, ka zuba a buhun PICS ɗin nan mai leda biyu a ciki ka ɗaure kowacce leda daban, sannan ka ɗora a kan katako kar ya taɓa ƙasa. Ni shekarar farko a buhun banza na ajiye, ƙwari suka maida min kusan rabi gari, haushi kamar in yi kuka. Amma in ka yi daidai, duk sanda ka leƙa sito a watan Agusta ka ga buhun nan a tsaye, hankalinka kwanciya yake.

Adashe ma yana da amfani, amma da mutanen da ka san gidajensu, kuma kar ka ɗauki zubin da zai shaƙe ka.

Waya kuma dan Allah a ajiye ta bayan isha'i. Facebook da TikTok ba zasu faɗa maka komai da ƙarfe sha ɗaya ba sai abinda zai tada maka hawan jini. Fita majalisa ka sha shayi, amma ba wadda ake ta kukan ƙasa ta lalace har a tashi ba, ko ka zauna yara su baka labarin makaranta.

Masu cewa ai tawakkali ya isa, akwai hadisi a Tirmizi, wani ya tambayi Annabi (SAW) ya ɗaure raƙuminsa ne ko ya sake shi ya dogara ga Allah, sai yace ɗaure shi sannan ka dogara. Takardar nan da buhun masara sune igiyar. In ka ɗaure ka yi addu'ar barci ka kashe fitila. Ni tawa takardar tana cikin aljihun rigar da nake zuwa Juma'a da ita, duk ƙarshen wata nake fiddo ta in soke abinda aka biya.