Yadda Za Ka Ɗauki Hotunan Bikin Waliyyi Bitrus a Gloucester

Masunta 'yan asalin tsibirin Sisili na Italiya da ke zaune a Gloucester, jihar Massachusetts ta Amurka, suna yin bikin nan ƙarshen watan Yuni.

Ranar Lahadi ka yi sammako, ka kama wuri bakin titi kafin a fito da mutum-mutumin waliyyin. Durƙusa ka ɗauki fuskokin masu ɗauke da shi, gumi na zuba.

Daga nan sai gaɓar Pavilion, inda maza ke taka sanda mai maiƙo don ciro tuta. Sandar tana can nesa a saman ruwa, kyamarar waya ba za ta jawo hotonta kusa ba, sai kyamara mai dogon gilashin jawo nesa kusa. Sa ta ɗauka a jere, domin faɗawarsu cikin ruwa kamar ƙiftawar ido ce.

Lokacin addu'a kuwa, kashe filasha, kada ka tare wa kowa gaba.